Maikano Ya Ba Ordinatocin Ƙungiya 'Yanci

Da furojen nan, shirin da ke tallafa wa manoman wake, ya tashi daga Waca, abu uku ya bar wa ƙungiyar manoman: allo mai ɗauke da sunanta, kujerun roba ashirin, da ordinata biyar, wato kwamfutoci. Ordinatocin tsofaffi ne, manya, sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya. An ce a zamaninsu aikin taswira aka yi da su a Yamai. Yanzu kuwa in aka kunna ɗaya, mutum na iya zuwa ya yi alwala, ya yi salla, ya dawo ya tarar tana nan tana shiri.

Huɗu suna lulluɓe da buhu, ba mai taɓa su. Ta biyar, wadda ke gindin taga, da ita Safiyatu sakatariyar ƙungiya ke aiki. A cikinta sunayen manoma ɗari huɗu da goma sha biyu suke, waɗanda za a raba wa sabon irin wake a damina mai zuwa. Shekara biyu Safiyatu ta yi tana tara sunayen nan, ƙauye bayan ƙauye, a bayan kabu-kabu.

A taron wata, Safiyatu ta gaya wa jama'a cewa sistem ɗin da ke cikin ordinatocin ya tsufa, masu shi sun daina kula da shi, ga kuma cuta da yake kwasa duk lokacin da wani ya soka masa kile, ɗan abin nan da ake kwafar bayanai a ciki. Ba ta rufe baki ba Maikano ya miƙe.

Maikano ɗan ƙungiya ne, yana da gona gabas da gari. Ya taɓa yin wata bakwai a Kano, a wani shago da ake tura wa mutane finafinai a waya. Ya dawo da tabarau marar magani, da kile guda da yake rataye wa a wuya kamar laya, da kuma sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa. Duk garin ordinata suke cewa, shi kaɗai ke cewa kwamfuta.

Ya dubi Malam Wada, shugaban ƙungiya, ya ce, "Parazidan, waɗannan kwamfutoci bayi ne. Ni zan 'yanta su. Akwai sistem da ake kira Linuks. Ba a sayensa, ba a roƙonsa, ba ya kamuwa da cuta. Ku ba ni mako guda, Waca za ta wuce Damagaram."

Inna Mero, wadda ta fi kowa shekaru a ƙungiyar, ta ce, "Ɗan nan, mene ne sistem?"

"Shi ne ran na'ura, Inna. In babu shi, akwati ce kawai."

"To kai za ka zare mata rai ka sa mata wani?"

"Ƙwarai."

"Allah ya kyauta," in ji Inna Mero.

Malam Wada bai fahimci komai ba sai kalma ɗaya. Ya ce, "Ka ce ba a saye?"

"Kyauta ne, Parazidan."

"To a yi."

Safiyatu ta ɗaga hannu. Ta ce ita ma ta ji labarin Linuks a wani horo da ta yi a Damagaram. Ta ce iri-iri ne, akwai masu nauyi na sababbin na'urori, akwai marasa nauyi da aka yi domin tsofaffi irin nasu. Wanda aka nuna musu na tsofaffin, hoton ɓera ne a jikinsa.

Maikano ya zare tabarau. "Madam Safiya, ɓera? A ɗakin da za mu jibge buhunan iri? Jama'a, kun ji da kunnenku."

Aka yi ta gyaɗa kai. Babu manomin da zai goyi bayan ɓera a bainar jama'a.

Safiyatu ta ce, "To ka ara mini kilenka in kwafi sunayen tukuna. Nawa cuta ta cinye shi, injin buga takarda kuma ba tawada."

"Kilena cike yake da muhimman abubuwa."

Malam Wada ya yanke magana: Maikano ya yi aikinsa a kan guda huɗun da ke lulluɓe, amma ta gindin taga ko inuwarsa kada ta taɓa ta. Maikano ya dafa ƙirji ya amsa.

Washegari ya shiga mota zuwa Magariya. Kwana biyu ya yi a shagon intanet yana jiran rezo, wato layin intanet ya kawo, ya dawo da Linuks a kilensa. Mai shagon ma ya ba shi shawarar mai ɓeran, ya ƙi. Ya zaɓi wani mai hoton hawainiya, saboda ya gani a bidiyo tagoginsa na lanƙwasa suna walƙiya in an ja su.

Jibo mai shayi, wanda teburinsa ke ƙofar ofishin ƙungiya, ya jawo bencinsa kusa da taga don kada komai ya wuce shi.

Ordinata ta farko ta ɗauki Maikano daga hantsi har la'asar. Da ta tashi, sai ga hawainiya kore shar a allo, kyakkyawa. Mutane suka yi kabbara. Maikano ya tura linzami dama. Kibiyar da ke allo ba ta motsa ba. Ya zauna. Jibo ya zuba masa shayi, ya shanye, ya miƙa kofi. Sai ga kibiyar ta taso a hankali ta nufi dama.

"Kun gani?" in ji Maikano. "Ba ta yin abu sai ta yi tunani."

Jibo ya ce, "Injiniya, hawainiya fa ka zaɓa. Ai ta ma yi sauri."

"Wannan an gama," in ji Maikano. Ya mayar mata da buhunta.

A ta biyu, na'urar ta tambaye shi harshen da yake so. Ya ce yau Waca za ta ga kwamfuta mai jin Hausa. Ya bi jerin harsuna da yatsa, ya tarar da wani mai farawa da harafin H, ya danna. Da aka gama, allo ya cika da kalmomi masu baƙaƙe biyar a jere ba wasali ko ɗaya, wasu da 'yan huluna a kansu.

Jibo ya leƙo. "Wace Hausa ce wannan?"

"Ta Ghana."

"Shekara uku na yi a Kumasi."

"An canza bayan tahowarka."

"To karanta mana layin farko."

Maikano ya gyara tabarau, ya matsa kusa, ya motsa laɓɓa. "Gaisuwa ce," ya ce. "Wannan ma an gama."

A ta uku ya ce tsaro zai nuna musu. Za a sa kalmar sirri da ko a Yamai ba mai iya fasawa. Ya sa kowa ya juya baya, ya lulluɓe hannuwansa da rawanin Malam Wada, ya ce a Kano ba a kallon madannai. Bai lura ba cewa madannan Faransanci ne, haruffan ba a inda ya saba suke ba. Na'urar na so a rubuta kalmar sau biyu iri ɗaya. A gwaji na tara biyun suka dace. Aka kashe, aka kunna, ta nemi kalmar. Ya rubuta, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya karɓi rawanin ya lulluɓe hannu, ta ƙi. Ya sa kowa ya juya baya kamar ɗazu, ta ƙi.

Ya jingina da kujera ya naɗe hannu. "Tsaro ke nan, Parazidan. Ni da na sa kalmar ba ta yarda da ni ba, bare ɓarawo."

Malam Wada ya karɓi rawaninsa. "To mu fa?"

"Ku ma haka."

Ta huɗu ta karɓi hawainiyar, amma nauyin ya fi ƙarfinta. Fankar cikinta ta fara gurnani, gurnanin ya zama ruri, har ana ji daga bakin kasuwa. Kafin azahar mata uku sun iso da ƙwaryar gero, Inna Mero a gaba.

"An ce ƙungiya ta kawo injin niƙa."

"Inna, kwamfuta ce ke aiki."

"Me take niƙawa?"

"Bayanai."

"To in ta gama da su ga nawa."

Maikano ya taɓa jikin na'urar, ya janye hannu da sauri. Ya ce zafi ne kawai, kuma maganin zafi kowa ya san shi. Ya aika aka jiƙo buhun algarara, ya lulluɓe ta kamar randa. Rurin ya ragu. Ya dubi jama'a. Sai aka ji wani ɗan ƙara, tas, wari ya tashi kamar an ƙona takalmin roba, ɗakin ya yi tsit.

"Ta huta," in ji Maikano.

Jibo ya ce, "Allah ya jiƙanta."

Da a ce a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma tun ranar da ya je Magariya, Maikano ya biya ta meri, ofishin magajin gari, a hanyarsa, ya gayyaci mataimakin magajin gari zuwa abin da ya kira bikin buɗe cibiyar kwamfuta ta Waca, ranar Alhamis, ranar rabon iri. Bai gaya wa kowa ba. Ga shi yau Laraba, yana da na'ura mai tunani, da mai Hausar Ghana, da mai tsaro, da mamaciya. Malam Wada da Safiyatu kuwa sun tafi Magariya ɗauko buhunan iri, ba za su dawo ba sai yamma.

Maikano ya tsaya yana kallon ta gindin taga. Ita ce mafi lafiya a cikinsu, kowa ya sani.

Jibo ya ce ta taga, "Parazidan ya ce ko inuwarka."

"Rana tana tsaka, Jibo. Ba ni da inuwa."

Ya soka kile. Bayan 'yan tambayoyi, na'urar ta kawo zaɓi biyu da Faransanci. Na farko, a ajiye sabon sistem kusa da tsohon, kowa da wurinsa. Na biyu, a share duk abin da ke ciki. Faransancin Maikano ya tsaya a aji huɗu, amma ya gane kalmar sharewa, don shi ke share allo a lakol.

"Me ta ce?" in ji Jibo.

"Tana tambaya ko a yi shara."

"Sharar me?"

"Datti. Shekara goma ba a yi mata ba."

Ya danna. Na'urar ta kawo wani rubutu ja, tana tambaya ko ya tabbata.

"Ka ga ladabi," in ji Maikano. Ya sake dannawa.

Ranar Alhamis filin ƙofar ofis ya cika tun hantsi. Buhunan iri na jibge a ɗakin ajiya, manoma sun zo daga ƙauyuka, kowa da buhunsa a hammata. Malam Wada yana cikin shirya mudu sai ga motar meri ta tsaya, mataimakin magajin gari ya fito da babbar riga. Malam Wada ya dubi Maikano. Maikano ya dubi sama.

Kafin a yi wata magana, ya sa an fito da ta gindin taga an ɗora a tebur, ya haɗa ta da lasifikar da ya aro daga mai sanarwar kasuwa. Safiyatu ta ga hawainiya a allon na'urarta. Ta tsaya cak, da rajistar baƙi a hannu.

Maikano ya yi jawabi na kusan rabin awa. Ya yi maganar 'yanci, ya yi maganar Kano, ya ce daga yau Dungas da Dantchiao nan za su riƙa zuwa koyon aiki. Mataimakin magajin gari ya tafa, jama'a suka tafa.

Malam Wada ya ce, "Madalla. Safiyatu, kira sunaye."

Safiyatu ta zauna. Ta jira kibiya ta iso, ta buɗe jakar takardu. Ta buɗe wata. Ta buɗe ta uku. Sannan ta ɗora hannuwanta a cinya.

"Malam Maikano," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "da ta tambaye ka, wanne ka danna?"

"Matsa, Madam, ba ki saba da shi ba ne."

Ya karɓi kujerar ya shiga danne-danne da yatsu goma. A cikin haka ya haɗa wasu madannai da suka tayar da muryar da aka sa wa sistem ɗin domin makafi, mai karanta duk abin da ke allo. Sai lasifika ta yi gyaran murya, wata murya ta ƙarfe ta faɗi kalma biyu da Faransanci, har awakin kasuwa suka ɗaga kai.

Inna Mero ta ce, "La ilaha illallahu, ta yi magana. Me ta ce?"

"Maraba take yi wa baƙo," in ji Maikano.

Mataimakin magajin gari, wanda tsohon mushe ne, malamin lakol, ya ce, "A'a. Cewa ta yi jakar ba komai a ciki."

Maikano ya danna wani wuri. Muryar ta maimaita.

"Ta sake faɗa," in ji baƙon.

Maikano ya danna da ƙarfi. Ta faɗa sau uku a jere.

"Ya isa, ranka ya daɗe, mun fara jin Faransancin," in ji Jibo.

Malam Wada ya matso, ya sunkuya daidai kunnen Maikano, amma makirfon na kusa, kowa ya ji. "Ina sunayen?"

"Suna nan, Parazidan. An 'yanta su ne kawai."

"Suna ina?"

"Ba a tsare suke ba yanzu."

Labari ya bi filin kamar wuta. Cikin minti goma, duk wanda ke wurin ya tuna cewa sunansa na cikin na'urar. Masu sayar da goro suka tuna. Direban motar meri ya tuna. Wasu mutum shida da suka sauka daga motar Dungas don shan ruwa su ma suka tuna, ɗayansu har ya ce shi ne na uku a jerin. Aka fara turereniya a ƙofar ɗakin ajiya. Malam Wada ya ja ƙofar ya datse da kwaɗo, ya sa makullin a aljihu, ya tsaya a gabanta. Mataimakin magajin gari ya ce yana da wani taro, ya shiga mota. Lasifika na ta sanar da cewa jakar ba komai a ciki, har sai da Jibo ya zare waya.

Safiyatu ba ta tashi daga inda ta koma ta zauna ba. Da fili ya ɗan lafa, ta ce wa Malam Wada, "Baba, akwai tsohuwar da sai da na je ƙauyensu sau huɗu kafin na same ta a gida."  Malam Wada ya daɗe yana kallon ƙasa. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa.

Da la'asar Malam Wada ya kira Maikano gaban 'yan kwamiti. Bai yi faɗa ba. Ya miƙa masa kaye sabo, littafin rubutu, da biro biyu. Ya ce ƙauyuka goma sha ɗaya ne, ban da unguwannin Waca. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zauna gaban mai gari da wakilin ƙungiya, ya rubuto sunan kowane ɗan ƙungiya, mai gari ya sa hannu.

"Da wane babur, Parazidan?"

"Da wanda Allah ya ba ka guda biyu."

Kwana shida Maikano ya yi a hanya. Ruwan farko ya same shi tsakanin ƙauye na bakwai da na takwas, ya cusa kayen cikin riga ya yi ta gudu, tabarau ya faɗi a laka bai tsaya nema ba. Allah ya taimaka gero ake fara shukawa, wake sai ya biyo baya, don haka manoma suka shiga gonakinsu suna zaginsa daga can.

Safiyatu kuwa ta je Magariya da safe ta dawo da azahar, da sabon kile da Linuks mai ɓera. Kafin magariba ta sa shi a na'ura huɗu. Mai tunani ta daina tunani, mai Hausar Ghana ta koma Faransanci, mai tsaro ta buɗe. Kibiya na bin hannu kamar ɗan akuya. Mamaciyar ce kawai ba ta tashi ba, Jibo ya roƙa aka ba shi, yana ɗora butar shayi a kai.

Da Maikano ya dawo, ƙafafu a kumbure, Safiyatu ta nuna masa kujera. Shi zai shigar da sunayen da hannunsa. Ya yi kwana biyu yana yi da yatsa ɗaya, yana kallon madannai. Kowane suna hamsin, sai ta sa shi ya kwafa a kile biyu, ta karɓi ɗaya ta sa a jakarta.

Ranar rabo ta biyu, muryar Maikano ta dawo. Ya riga kowa zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana gaya wa mutane yadda shi da Madam suka yi shawara suka ga ɓeran ya fi dacewa da yanayin ƙasar nan. Da ya hango mutanen da suka yi ƙarya wancan makon suna raɓe-raɓe, ya hau kan benci.

"Jama'a, ku saurara. Ni na bi ƙauyukan nan da ƙafata, ni na shigar da sunayen da hannuna. Duk wanda babu sunansa a kwamfuta, ko ubana ne, ba zai ga ƙwayar wake ba. Parazidan, ka shaida."

"Na shaida," in ji Malam Wada.

Safiyatu ta shiga kira. Mutum ya amsa, a auna masa, ya wuce. Inna Mero ta karɓi nata, ta leƙa allo ta gaida ɓeran. Har bayan la'asar ana yi, ba gardama ko ɗaya. Da aka kira na ƙarshe, Maikano ya kakkaɓe buhunsa, ya matso gaban mudu ya buɗe bakin buhun.

Safiyatu ta duba allo. Ta koma sama, ta gangaro. Ta rubuta sunansa a wurin nema.

"Ɗari huɗu da goma sha ɗaya ne, Baba," ta ce. "Babu Malam Maikano."

"Duba da kyau, Madam."

Ta juya masa allon. Ya duba da kansa. Ya ɗauko kayen ya bi shafi-shafi, yana lasar yatsa. Ƙauye goma sha ɗaya, da unguwannin Waca duka, kowa na nan, har da mai garin da ya rasu bara aka rubuta ɗansa a madadinsa. Mutum ɗaya ne kawai bai zo gabansa ya faɗi sunansa ba.

"Parazidan," ya ce, "ai kowa ya san ni."

"Kowa ya san ka, Injiniya. Amma ka sa ni na shaida."

 Maikano ya dubi mudu, ya dubi jama'a. Sannan ya ninke buhunsa biyu, ya sake ninkewa, ya sa a hammata, ya taka a hankali zuwa teburin Jibo ya zauna.

"Zuba mini shayi," ya ce. "Dama ni bana gyaɗa na yi niyyar shukawa."